Kurakuran da muke yi a kan jitar farkon zamanin rock and roll

Na daɗe ina yaba wa mawaƙin Amurka Bill Haley a kan kiɗan da ba shi ya yi ba. A waƙar "Rock Around the Clock" akwai inda murya ke ɗaukewa, jita ta karɓa a guje kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa. Tunda sunan Haley ne a jikin faifan, ga shi kuma a hoto rungume da jita, sai na ɗauka yatsunsa ne. Wannan kuskuren ya fi kowane yawa, daga gindinsa kuma sauran suke tsirowa.

Mai kiɗan Danny Cedrone ne, makaɗin haya daga Filadelfiya. An ɗauki waƙar a New York ranar 12 ga Afrilu, 1954, aka biya shi dala 21, ya kama gabansa. Ba ma sabon abu ya kawo ba, kiɗan da ya yi wa Haley a "Rock the Joint" a 1952 ya maimaita. Watan Yunin 1954 ya faɗo daga matakalar bene ya rasu yana ɗan shekara 33, waƙar kuwa ba ta fashe ba sai a 1955, da aka sa ta a fim ɗin Blackboard Jungle. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko tsofaffin bidiyo kada ka dogara da su, domin wanda za ka gani yana kaɗa wurin galibi Franny Beecher ne, wanda ya gaji aikin. Gyaran shi ne ka bar sunan mawaƙi, ka nemi bayanin zaman da aka ɗauki waƙar: wace rana, wane situdiyo, su wa suka riƙe kayan kiɗa. Kamfanonin da ke sake fitar da tsofaffin faifai, irin su Bear Family na Jamus, suna buga wannan dalla-dalla.

Wanda ya ɗan waye kuma sai ya faɗa wani ramin. Ya ji cewa Scotty Moore ne mai jitar Elvis Presley tun zaman situdiyon Sun a Memphis a Yulin 1954, shi ke nan duk kiɗan Elvis ya zama na Scotty. A'a. Jitar da ke cizo a "Little Sister" ta 1961 ta Hank Garland ce, ɗaya daga cikin makaɗan hayar Nashville, daga 1969 kuma James Burton ne a kan dandamali.

Ga masu koyo, ɓarnar a na'ura take farawa. Mutum zai murɗa amfilifaya har sauti ya yi kauri yana ƙara, ya ce rock yake yi, sannan ya rasa dalilin da kiɗan bai yi kama ba. Sautin wancan zamani garau yake, ɗan kaushin da ke ciki kaɗan ne. Abin da kunne ke ji kamar cika, amsa-kuwwa ce gajeriya, bugu ɗaya tak bayan na farko, wadda Sam Phillips, mai situdiyon Sun, yake samarwa da na'urorin tef. Rage ƙarar, ka sa amsa-kuwwa ɗaya, ka saurara. Hannun dama ma haka. Scotty Moore da abin kaɗi a babban yatsa yake bugun manyan tsirkiyoyi, sauran yatsu suna tsinkar ƙanana, salon da ya ɗauko daga Chet Atkins da Merle Travis. Idan da abin kaɗi ɗaya kake share su duka, rabin kiɗan ya zube.

Sai lanƙwasa tsirkiya. Tsirkiyoyin lokacin masu kauri ne, tura su sama aiki ne, shi ya sa Burton ya ɗaura na banjo masu siriri a jikin jitarsa Telecaster don su lanƙwasu. Yau kowa siririya gare shi, saboda haka ake lanƙwasawa har inda babu lanƙwasa. Kiɗan Cedrone ɗan jazz ne: kowane sauti bugunsa daban, cikin sauri. Na gane haka ne ranar da na rage gudun waƙar zuwa rabi a YouTube, na ji abin da nake ɗauka zamiya ashe bugu ne jere. Kwana uku yatsuna suna tsami.

Akwai kuma masu ɗauka cewa daga samarin Turawa na 1954 abin ya faro. Mabuɗin "Johnny B. Goode" da kowa ke dangantawa da Chuck Berry kusan shi ne wanda Carl Hogan ya kaɗa wa Louis Jordan a 1946. A "Rocket 88" ta 1951, jitar Willie Kizart ce ke gurnani ta lalatacciyar amfilifaya da aka cusa wa takarda, kuma ko sunan ƙungiyar da ke jikin faifan ba nasu ba ne, yaran Ike Turner ne. Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar coci mai kaɗa jita, ta riga su duka. Ka koma baya shekara goma, ka saurari faifan baƙaƙen fatar Amurka na rhythm and blues.

Kada kuma ka rantse a kan kowane labari mai daɗi. An daɗe ana cewa Paul Burlison ne mai jita a duk faifan Johnny Burnette na 1956, amma da yawa daga masu bin diddigi suna jin hannun Grady Martin a zaman Nashville. Har yau ana musu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Cliff Gallup. Duk wanda ya ji shi a waƙoƙin Gene Vincent sai ya tafi neman dogon tarihi, ya dawo hannu rabbana. A shekarar 1956 kaɗai ya ɗauki waƙoƙi kimanin 35 da jitarsa Gretsch, ya gaji da yawo, ya koma gida Virginia ya kama aiki a hukumar makarantun Chesapeake. Ya rasu a 1988. Bayan shekara biyar makaɗin jita Jeff Beck ya fitar da faifai guda, Crazy Legs, yana bin sawun yatsun Gallup bugu da bugu.