Yadda ake amfani da kalmar "invite" a Turanci

Duk wanda ya taɓa rubuta katin biki da Turanci ya ci karo da kalmar "invite". Ma'anarta gayyata, wannan kowa ya sani. Wurin haɗa ta da wasu kalmomi ne ake tuntuɓe, kuma abin yana ba ni takaici in ga an kashe kuɗi an buga kati mai kyau, ga kuskure a layin farko.

Ka fara da sanin asalinta. Daga kalmar Latin "invitare" ta fito, ta biyo ta Faransanci, inda ake cewa "inviter", ta shiga Turanci a ƙarni na 16. 'Yar'uwarta "invitation" ta riga ta shiga, tun ƙarni na 15.

Sai ka raba aikatau da suna. Idan kai ne kake gayyata, "invite" za ka ce, ka ɗora nauyin murya a gaɓa ta biyu. Gayyatar kanta, ko katin da muke ce wa IV, sunanta "invitation". Za ka ji wasu suna kiran katin "invite", da nauyin murya a gaɓar farko. Ba sabon abu ba ne, tun ƙarni na 17 ake faɗa, amma maganar hira ce. Kada ka sa ta a takardar ofis ko katin ɗaurin aure.

Mataki na uku shi ne inda aikin yake. Wuri ko taro, "to" ake sa masa: "I invite you to my wedding". Haka idan wani abu kake so mutum ya yi: "We invited him to speak", wato mun gayyace shi ya yi jawabi. "For" kuwa ta fi zama da abinci, kamar "invite her for lunch". Mutanenmu da yawa suna rubuta "for my wedding". Za a gane, amma "to" ce daidai. Wurin rubutu kuma, idan za ka ƙara mata "-ing", harafin "e" na ƙarshe yana faɗuwa: "inviting".

Daga nan ka lura ba kullum take nufin walima ba. "Invite trouble" jawo wa kai rigima ne. Idan jarida ta ce 'yan sanda sun yi "inviting" wani, amsa tambayoyi zai je. Wanda ya zo babu goron gayyata, ɗan gayyar soɗi, shi ne "uninvited guest".

Idan kuma kai aka aiko wa kati, duba ƙasansa. RSVP ɗin nan gajarta jimlar Faransanci ce mai nufin "don Allah a ba da amsa". Lambobin wayar da ke ƙarƙashinta an sa su ne don ka kira ka ce za ka zo ko ba za ka samu zuwa ba, masu biki su san yawan abincin da za su dafa.