Darasi na 7: Ƙurar Kwal da Huhun Mai Haƙa

Kwal baƙin dutse ne mai cin wuta, daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi. A Najeriya an gano shi kusa da Inugu a 1909. Yau ana haƙarsa a Maiganga ta jihar Gombe, a Nijar kuma a Anu Araren, yankin Agadas.

Idan ana fasa kwal, ƙura tana tashi. Wadda ido yake gani, hanci yana tare mafi yawanta. Mai haɗarin ita ce 'yar mitsitsiyar da ba a gani. Ita ce take wucewa can cikin huhu ta zauna, kuma tari ba ya fito da ita. Shekara da shekaru tana taruwa, huhu ya yi tabo, ya yi baƙi, ya taurare kamar tsohuwar fata. Sai mutum ya fara haki idan ya hau tudu. Daga baya ko zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta.

Ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Yakan ɗauki shekara 10 ko fiye, wani ma sai bayan ya bar aikin. A tsakiyar yankin Afalashiya na Amurka, binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin 5 na waɗanda suka shekara 25 suna haƙa yana da shi. Abin baƙin ciki, har yau babu maganin da yake goge tabon. Likita sauƙi kawai zai samar.

Don haka a tare ƙurar tun daga waje. A riƙa yayyafa ruwa a wurin fasawa da hanyar motoci. A sa takunkumi na ainihi, irin N95, ya kama fuska sosai. Ƙyalle ko rawani ba sa tare wannan ƙura. Mai shan taba ya daure ya bari. A je a ɗauki hoton ƙirji lokaci-lokaci. Tari ya wuce mako 2, a gwada majina, domin ƙurar dutse tana buɗe wa tarin tibi ƙofa, shi kuwa yana warkewa, maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati.

Aikin yi:
1. Wace ƙura ce ta fi haɗari?
2. Rubuta: kwal, ƙura, huhu, takunkumi.