Yadda ake goyon bakwaini a ƙirji

'Yan'uwa mata suna ta tambayata yadda ake wannan goyo bayan an sallamo su daga Asibitin Turai 'Yar'aduwa. Jaririn da aka haifa kafin mako 37 ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ga kuma hunturun Katsina.

1. Wanke hannuwanki da sabulu.
2. Tuɓe masa kaya, ki bar nafkin, hula da safa kawai.
3. Ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanki, fatarsa na taɓa taki.
4. Juya kansa gefe, haɓarsa a ɗan ɗage.
5. Ɗaure shi da zani, bakin zanin daidai ƙasan kunnensa.

Hattara, nan ake yawan kuskure: kada zani ya rufe hancinsa, kada ki matse cikinsa, domin da ciki yake numfashi.

6. Sa riga mai buɗaɗɗen gaba a sama.
7. Kishingiɗa a kan matashin kai idan barci ya zo, ban da kwanciya shame-shame.
8. Ba shi nono duk bayan awa 2 zuwa 3, ko da tashinsa za ki yi.
9. Miƙa wa maigida ko kakarsa idan za ki yi wanka. Ƙirjin uba ma yana ɗumamawa.

Ban da kaskon wuta a ɗaki. Idan ƙafafunsa sun ƙi ɗumi, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa yana ɗaukewa, ku koma asibiti nan take.