Yadda Ake Daidaita Fuskar Eriyar Raga ta Tauraron Ɗan'adam da Lissafin Kwamfuta

Babbar eriyar tauraron ɗan'adam ba ta shiga cikin roka a buɗe, shi ya sa ake saƙa fuskarta da siririyar wayar ƙarfen molibdenam mai rufin zinariya, a naɗe ta, sai an kai sararin samaniya ta buɗe kamar lema. Irinta ce a kan tauraron Thuraya da aka harba a 2000, mai faɗin sama da mita 12, da kuma SMAP na hukumar NASA na 2015, mai mita 6. Ɗalibin injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi zai iya nazarin daidaiton wannan fuska da kwamfutarsa, ta amfani da manhajar lissafi ta MATLAB ko Octave wadda kyauta ce, muddin ya bi aikin daki-daki.

A fara da tantance kuskuren da za a iya lamunta. Bisa lissafin da John Ruze ya wallafa a 1966, idan matsakaicin kaucewar fuskar daga siffar parabola (wato lanƙwasa irin ta kwanon dish) ya kai kashi ɗaya cikin 50 na tsawon zangon sigina, ƙarfin eriyar zai ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari. Ga sigina mai mitar gigahaz 1.5, wannan kaucewa milimita 4 ce, amma a gigahaz 30 ba ta wuce milimita 0.2 ba.

Daga nan sai a raba fuskar zuwa ƙananan gidaje masu kusurwa uku, waɗanda igiyoyi suka kewaye. Kowane gida a shimfiɗe yake alhali parabola a lanƙwashe take, kuma ana kimanta wannan giɓi da ninka tsawon gefen gidan da kansa, a raba da ninki 62 na nisan fokas, wato wurin da fuskar ke tattara sigina. Idan fokas mita 6 ne, gefe mai mita 1 zai ba da kusan milimita 2.7, mai rabin mita kuwa kusan 0.7. Sai dai yawan gidaje yana ƙara nauyi da haɗarin sarƙewar igiyoyi wajen buɗewa.

Muhimmin aikin shi ne neman tsaurin kowace igiya. Dabarar da wani masani mai suna Schek ya bayyana a 1974 tana ɗaukar tsaurin igiya a raba da tsawonta a matsayin sanannen adadi, abin da ke sauƙaƙa lissafin daidaiton ƙarfi a kowace mahaɗa. A tabbatar babu igiyar da ta saki, kuma tsaurin ya yi kusa da juna a ragogin igiya biyu na eriyar, wato ragar gaba mai riƙe da fuskar da ta baya, da igiyoyin da ke haɗa su.

A ganina, inda ya fi buƙatar kulawa shi ne zoben da ke riƙe da ragar. Kada a ɗauka ba ya motsi, domin igiyoyin na janyo shi ciki, kuma da zarar ya ɗan lanƙwasa, mahaɗun sun bar wurarensu, tsaurin da aka samo ya tashi daga aiki. Don haka a haɗa zoben da ragar cikin samfuri guda, a yi ta maimaita lissafin ana gyara tsawon igiyoyin har sakamakon ya daina canzawa.

Bayan haka a gwada samfurin da zafin rana da sanyin inuwar duniya, sannan a sanya wa tsawon igiyoyin ƙananan kurakurai barkatai irin na masana'anta, a ga waɗanda suka fi ɓata fuskar. Idan an ƙera ƙaramin samfuri a ɗakin gwaji, a auna mahaɗunsa da hotuna daga kusurwoyi daban-daban, a cire saukar da nauyin ragar ke jawowa a doron ƙasa, kafin a kwatanta da abin da kwamfuta ta bayar.