Mura a danfo

'Yan uwa na Agege da Mile 12, damina ta kankama, mura ta dawo. Jiya a danfo, motar hayar nan ta Legas, wani ya yi ta atishawa a ƙeyata tun daga Oshodi, tagogi kuma a rufe ruf. Don Allah ku riƙa buɗe taga, ku tare tari da gwiwar hannu, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Wata kariyar kuma ita ce allurar rigakafi, amma ita ba maganin mai ciwo ba ce. Kamannin ƙwayar cutar take nuna wa garkuwar jiki, kamar a nuna wa maigadi hoton ɓarawo kafin ya zo. Sai ta yi kusan mako 2 kafin ta kama aiki. Ɗan zazzaɓi ko ciwon damtse bayanta ba abin tsoro ba ne. Ta mura kuwa duk shekara ake sabuntawa, don ƙwayar tana sauya kama.