Yadda zaka gane tsohon gatari ko fartanyar maƙera, ka gyara ta ba tare da ka ɓata ba

Jama'a dan Allah duk wanda yake da tsofaffin kayan noma na kakanni a gida, gatari ne ko fartanya ko lauje ko magirbi ko garma, ya daina miƙawa 'yan jari bola suna ɗorawa a sikeli suna biyan kuɗin kilo. Abin yana min ciwo wallahi, musamman mu nan Kano da tarihi ya nuna Abagayawa maƙera ne suka zauna gindin Dala saboda tama, wato dutsen da ake narkawa a samu ƙarfe, garin nan da ƙira ya fara, amma yanzu aikin hannun maƙeran sai ka ganshi cikin tarin ƙarafa a Ƙofar Ruwa ana jiran mota ta kwashe a kai narkawa.

Da farko ka duba ka gani ko na hannu ne. Juya shi a rana, ƙirar maƙera zaka ga sawun masaba, wato gudumar maƙera, a jiki, ɗan lotsawa nan da can, kaurin ba ɗaya ba, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Na kamfani sumul yake kuma yawanci da tambari ko lamba. Sannan gatarin mu na Hausa ba shi da ramin da ake zura ƙota kamar na Bature, wutsiya gare shi mai tsini, ita ake gasawa a wuta a huda kan ƙota da ita, shi yasa ƙotar take da ƙulli a kai. In ka ga alamar walda a wuyansa to an taɓa shi daga baya ko kuma sabo ne aka bar shi ya yi tsatsa.

Maganar shekaru kuma a yi hankali, ba duk mai tsatsa bane tsoho. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan ƙarfen waje ya fara yawa, a hankali maƙera suka bar narka tama suka koma kan tsofaffin ƙarafa, daga baya ma sifirin mota ya zama shine abin ƙira. Wanda aka yi da tama zaka ga kamar zare-zare a jikinsa inda tsatsa ta ci, da ɗan layuka baƙaƙe, irin wannan ba kasafai ake samu ba. In kana shakka ɗauka ka kai wa dattijon maƙeri, ko a kasuwar Kurmi ko unguwarku, yana riƙewa ya ƙwanƙwasa zai gaya maka abinda ba zaka gane da ido ba. Ka leƙa gidan tarihi na Gidan Makama ma ka ga tsofaffin kaya dan idonka ya saba.

To wanke shi, nan ne mutane suke kwafsawa. Kar ka kai shi wajen mai injin gurza, wallahi kar ka kai, minti biyu zai share sawun masaba gaba ɗaya ya maida shi fari fes, kuma zafin injin yana kashe taurin bakin da maƙeri ya ba shi lokacin da ya tsoma shi a ruwa, daga nan sai ya riƙa lanƙwashewa. Abinda zaka yi shine ka goge ƙasa da busasshen buroshi tukuna, ka shafa kananzir ka bar shi ya kwana, washegari ka bi da buroshin waya a hankali. Jar tsatsa mai ɓarewa ita kake so ta fita, baƙin da ke ƙasanta ka ƙyale shi, shine yake kare ƙarfen. In tsatsar ta yi kauri sosai ka jiƙa tsamiya ko ka matse lemon tsami ka tsoma ƙarfen kawai banda ƙota, ka riƙa dubawa duk bayan 'yan awanni dan tsami yana cin ƙarfe in ya daɗe, kana cirewa ka ɗauraye da ruwa mai ɗan kanwa, ka shanya a rana nan take ka shafa mai. Man keken ɗinki ya wadatar, ni bana son baƙin mai saboda ƙazanta da wari.

Ƙota in bata rube ba kar a canza, santsin da hannu ya yi mata shekara da shekaru ba a sayensa. Shafa mata man kaɗanya kaɗan. In gara ta cinye dole sai sabuwa, a nemi marke ko ƙirya ko aduwa busasshe sosai, ɗanye yana bushewa zai saki ƙarfen, kuma maƙeri ya saka maka da kansa.

In aiki zaka yi da shi, wasa bakin da magagari sannan dutse da ruwa, ka bi yadda bakin yake tun asali. In ajiya ce ba sai an wasa ba. Rataye shi a bango nesa da ƙasa, kar a naɗe a leda dan tana tara gumi, ka sake shafa mai kafin damina ta sauka da kuma bayan ta ɗauke.