Kurakuran da aka fi yi wajen jin ta bakin jama'a kafin gyaran madatsar ruwa

Tun da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, maganar gyaran tsofaffin madatsu ta dawo bakin mutane. Sai dai akwai kurakuran da ake maimaitawa wajen nazarin tasirin irin wannan aiki ga muhalli.

Na farko shi ne ɗaukar gyara a matsayin ƙaramin aiki da bai cancanci nazari ba. Ƙara tsayin bango ko faɗaɗa magudanar da ke fitar da rarar ruwa yana sauya yawan ruwan da ke isa fadama da lokacin isarsa, saboda haka ya kamata a bi tanadin dokar nazarin muhalli ta 1992 tun kafin a ba da kwangila.

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne taƙaita taron sauraro ga ƙauyukan da ke gefen madatsa. Wanda ke can ƙasan kogi shi ne yakan ɗanɗana kuɗarsa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a jihar Kano, ambaliyar damina da ke shayar da fadamun Hadejia da Nguru ta ragu ƙwarai, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, alhali manoma da masunta da makiyayan Jigawa da Yobe ba su da hannu a shawarar. Gyaran wannan kuskure shi ne a kai taron har inda ruwan yake zuwa, a kuma bai wa mata da makiyaya zama na musamman, domin a gaban hakimi ba kowa ke iya buɗe baki ba.

Su ma jama'a suna da nasu sakacin. Ana baje rahoton nazarin na kwanakin aiki 21, amma da yawa sukan tsaya kan ƙorafin baki. A rubuta ƙorafi, a sa hannu, a miƙa shi ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin wa'adin ya cika, a kuma nemi a bayyana rahoton da Hausa ko Kanuri. Kada maganar diyya ta cinye taron, a tambayi wanda ke da ikon buɗe ƙofofin ruwa, da yadda za a sanar da mutane cikin dare, da tudun da za su nufa idan ruwa ya taso.